Ruwan Kwana Tara

A shekarar da Sarkin Gumbara ya kewaye Birnin Darzama, bazara ta yi tsanani irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Mayaƙansa suka sauka a bakin Gulbin Tsagwa, suka tare hanyar ruwa, suka kafa sansani a gaban ƙofofin birni huɗu. Ba su hau ganuwa ba, ba su ɓata kibiya ba sai jefi-jefi. Zama kawai suka yi suna jira, don sun san komai kaurin ganuwa, mutanen cikinta ba ƙasa suke sha ba.

A kwana na ashirin wani mai sayar da gishiri ya ce a kasuwa wai an fasa Ƙofar Yamma. Ƙarya ce, amma aka yi turmutsitsi, mutum shida suka mutu a ƙarƙashin ƙafafun 'yan'uwansu. Ran nan Galadima Barmo ya shawarci Sarki Jatau, aka sa sankira ya zaga birni da shela, cewa duk wanda ya faɗi baƙar magana a bainar jama'a a kan yaƙi, ko abinci, ko ruwa, to a bakin ransa. Tun daga nan kowa aka tambaya a Darzama sai ya ce da sauƙi. Mai gawa a ɗaki ma da sauƙi yake cewa.

To, akwai wani mutum Nomau, shi ne Sarkin Rijiya. Rijiyoyin birni goma sha bakwai duk a hannunsa suke, kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da igiyarsa ya auna. Al'adar Darzama tun kaka da kakanni, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Sarkin Rijiya yana tsayawa a ƙofar fada ya faɗi yawan ruwan gari da babbar murya, Sarki ya ji, talaka ma ya ji. Matarsa Kyallu ta san abin da igiyar nan ke gaya masa, don ta ga ya daina cin tuwo sai ya taɓa ya ture.

Da safiyar Juma'a ta kwana talatin da biyu, yana ɗaura rawani, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

“Maigida, ka ce da sauƙi. Kowa haka yake cewa. Sarkin Fawa da ko bunsuru ɗaya bai rage masa ba, haka ya faɗa jiya a gaban Sarki.”

“Sarkin Fawa in ya yi ƙarya, miya ce za ta yi lami,” in ji Nomau. “Ni in na yi ƙarya, Sarki zai zauna jiran gudummawa har ƙishirwa ta kwantar da mu a ɗakunanmu.”

“To ka je ka faɗa masa a kunne mana! Dole sai a gaban duniya?”

“Sau uku ina zuwa, Kyallu. A zaure na biyu Galadima yake tare ni, ya ce Sarki ya ga randunan fada cike, komin dawaki ma cike. Sarki ba ya leƙa rijiya, randa yake gani.”

“Ni fa? In sun sare ka, rijiya za ta zo ta yi mini ta'aziyya?”

Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Shekara ashirin da shida kina cewa na fi son rijiya da ke. Yau dai kin samu hujja.” Ya ɗauke hannunta daga jikin ƙyaure a hankali ya wuce. Ta zari mayafi ta bi shi daga nesa.

Da Sarki ya zauna, maroƙa suka yi shiru, Nomau ya fito tsakiyar fili ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya miƙe.

“Allah ya ba Zaki nasara! Rijiya goma sha bakwai ke cikin Darzama. Shida sun ƙafe ƙaf. Bakwai laka ake kwasowa a cikinsu a tace. Huɗu ne kaɗai ke ba da ruwa, su ma kullum ƙasa suke yi. Ruwan kwana tara ya rage mana, in an yi tsimi. Wannan shi ne abin da na gani, Allah shi ne shaidata.”

Sai Galadima ya yunƙura yana nuna shi da sanda.

“Kun ji bakin Gumbara a cikin rigar Darzama! Zaki, jiya-jiya aka yi doka, yau ga wanda ya taka ta a ƙofar gidanka.”

Sarki Jatau ya dubi Nomau, ya ce, “An yi doka, kuma da bakinmu aka yi ta.” Dogarai suka rufar masa da duka, rawaninsa ya warware ya faɗi ƙasa, suka ja shi gidan yari. Kyallu ta ga Hauni, mai sare kawuna, ya tashi daga inda yake zaune yana gyara ɗamararsa. Ba ta tsaya kuka ba, ta juya da gudu.

A Darzama akwai wani zaure da ake kira Babban Zaure, inda Alƙalin Alƙalai ke zama. Shari'ar da ta gagari kowane alƙali can take ƙarewa, kuma ko Sarki ya yanke wa mutum kisa, Hauni ba ya zare takobi sai Alƙalin Alƙalai ya karya karan dawa a gaban jama'a. Duk wanda aka kama masa ɗan'uwa, in ya rungumi ginshiƙin zauren kafin a karya karan, dole a saurare shi. Kyallu ta faɗa cikin zauren ba sallama, ta ƙanƙame ginshiƙin da hannu biyu tana haki.

Malam Zangina, Alƙalin Alƙalai, tsoho ne ƙwarai, idonsa ɗaya ya shafe. Ya ɗago kai daga littafinsa.

“Saki ginshiƙin nan, 'yata, ba shi ya yi miki laifi ba. Mun gani, an shaida. Matar wa ce ke?”

Ta faɗa masa duka, tana yi tana sarƙewa. Ya aika muhutinsa, wato magatakardansa, ya gaya wa Hauni ya mayar da ɗamararsa, sannan ya ce a dawo ranar Litinin da hantsi.

“Litinin? Allah gafarta Malam, yau Juma'a! Ka zauna yanzu mana, ga ka a zaune!”

“Shari'ar rai sai ta kwana uku. Haka muka gada, don mai fushi ya huce, mai ƙarya kuma ya manta abin da ya shirya.”

“Garin nan gaba ɗaya kwana tara gare shi, kai za ka ci uku a zaune?”

Muhuti ya daka mata tsawa, tsohon ya ɗaga masa hannu.

“Ƙyale ta, a nan ake faɗa. 'Yata, ranar da na rage kwanakin nan saboda ke, gobe Galadima zai zo in rage saboda shi, kuma shi in an rage masa, kai ne zai faɗi. Je ki, ki yi haƙuri.”

Kwana ukun nan Kyallu ba ta san yadda suka wuce ba. Safe da yamma tana kai tuwo da goran ruwa gidan yari. Rabonta na ruwa take ragewa ta zuba masa. Yari yakan karɓa ta kafar ƙofa ba tare da ya dube ta ba, ya ce an gode, za a ba shi. Ran Asabar kwaɗi suka fito daga rijiyar Unguwar Maƙera da tsakar rana, suka bazu a hanya suna mutuwa. Mai duban fada ya buga ƙasa ya ce alama ce Gumbarawa za su watse haka. Ran Lahadi wani manzo ya kutso ta cikin sansanin abokan gaba da kibiya a cinya, ya kawo saƙon Sarkin Kwalgo, aminin Darzama, cewa yana tafe da rundunarsa nan da kwana ashirin. Aka buga tambura, sankira ya yi shela a yi murna. Kyallu na tsaye a bakin rijiya tare da mata, kowace ta dubi 'yar'uwarta. Su sun san kwana ashirin, sun kuma san abin da ke ƙasan rijiya.

Litinin da hantsi Babban Zaure ya cika ya tumbatsa, mata suka yi cincirindo a bakin ƙofa. Sarki Jatau da kansa ya zo, tunda dokarsa ce a gaban shari'a, ya tuɓe takalmi a waje kamar yadda al'ada ta ce, ya zauna a buzu. Galadima na damansa, Madawaki Gwanki, shugaban mayaƙa, na hagunsa. A gaban Malam Zangina an ajiye karan dawa guda ɗaya.

“A kawo Nomau,” in ji shi.

Ɗauko shi aka yi a kan asabari. Kyallu ta ƙwalla ƙara. Leɓunansa sun tsage, idanunsa sun faɗa ciki, harshensa ya kumbura ya cika baki. Alƙali ya kira sunansa sau uku, ya motsa baki, ba abin da ya fito sai iska.

“Yari, me ya sami mutumin nan?”

Yari ya durƙusa, ya saci kallon Galadima. “Allah gafarta Malam, umarni aka ba ni. An ce tunda ya ce babu ruwa a gari, to kada a ba shi, ya ga yadda babu take.”

“Goran da nake kawowa fa?” in ji Kyallu. “Ina ruwana, Yari? Ina ruwan da na hana bakina?”

Yari ya sunkuyar da kai. Malam Zangina ya rufe idonsa mai gani na ɗan lokaci, sannan ya miƙa butarsa ta alwala ya ce a ɗiga wa Nomau a baki kaɗan-kaɗan. Ya juya ga Galadima ya ce ya faɗi ƙararsa.

Galadima ya gyara zama. “Allah gafarta Malam, garin da ke cikin yaƙi bukkar ciyawa ne a tsakiyar bazara, magana kuwa garwashi ce. Mutum shida muka binne saboda bakin mai gishiri. Zaki ya yi doka don ya tsare rayukan talakawansa, kowa ya ji shela, shi ma wannan ya ji. Ya zo ƙofar fada ya karya zuciyar mayaƙa a ranar da suka fi bukatar ta. In aka bar shi, gobe kowane mai baki sarki ne. A karya kara, a huta.”

“Mai gishiri ƙarya ya faɗa ko gaskiya?”

“Ƙarya.”

“Nomau fa?”

“Doka ba ta tambayi wannan ba.”

“Ita ba ta tambaya ba, ni ina tambaya.” Tsohon ya ɗaga murya. “Jama'ar Darzama! Mai maganar ba ya iya magana. Wa zai shaida abin da ke cikin rijiyoyinku? Shelar sankira ba ta shigowa ƙarƙashin rufin nan. Duk wanda ya yi magana a nan, a wuyana yake.”

Ba wanda ya motsa. Masu unguwanni suna nan, masu haƙar rijiya da Nomau ya koya wa sana'a suna nan, kowa ya zuba wa ƙasa ido. Sun san zauren yana da rufi, amma hanyar gida ba ta da shi. Alƙali ya sake kira, ya kuma sake. Galadima ya fara murmushi.

Kyallu ta ɗago kai. Ta dubi mijinta, ta dubi karan. Sai ta tuna gugarta da ta zo da ita a ƙarƙashin mayafi, don daga bakin rijiya ta taho. Ta fito tsakiyar zaure ta warware igiyar a ƙasa, tun daga gaban alƙali har bakin ƙofa.

“Allah gafarta Malam, ni ban iya maganar fada ba. Wannan igiyar gugata ce. Daga nan zuwa nan, ita ce igiyar da nake ɗiban ruwa da ita shekara huɗu, ba ta taɓa gazawa ba. Wannan ɗankwalina ne, na ƙulla shi da aka yi kwana goma da rufe ƙofofi, don guga ta daina kaiwa. Wannan gefen zanena ne. Wannan ma zanena ne, na aurena. Wannan majanyin da na goyi 'ya'yana da shi ne. Wannan na ƙarshe jiya na ƙulla, hannun rigar mijina ne. Ba ni da sauran abin da zan yaga. In ruwa yana nan, Galadima ya gaya mini me nake bi ƙasa da tsummokarana.”

Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta jefo tata igiyar. Wata ma ta jefo. Kafin a ankara igiyoyi suna ta faɗowa ta kan kawunan maza, kowace da ƙulle-ƙullen ɗankwali da zane da ragar kaba, har suka yi tsibi a gaban Sarki. Matan da ba su zo da tasu ba suka ruga gida suka ɗauko.

Malam Zangina ya shafa igiyar Kyallu da yatsunsa ƙulli bayan ƙulli, sannan ya ɗauki karan ya ɗaga shi sama.

“Ku ji hukunci. Nomau Sarkin Rijiya ya faɗi abin da idonsa ya gani, a wurin da al'ada ta ce ya faɗa, a ranar da ta ce ya faɗa. Ba shi da laifi. Karan nan ba zai karye ba. Na biyu, Sarki yana da ikon hukunta maƙaryacin da ya jawo ɓarna, wannan haƙƙinsa ne. Amma dokar da ta haɗa mai ƙarya da mai gaskiya a takobi ɗaya ba doka ba ce, kuma daga yau ba ta aiki a Darzama.”

Sarki Jatau ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Dogarai suka dafa takubba.

“Malam, rawanin da ke kanka, wa ya naɗa maka shi?”

“Mahaifinka, Allah ya jiƙansa. In ka so ka warware shi yanzu, ga kaina. Sai dai wanda za ka naɗa bayana, shi ma sai ya kwana uku kafin ya taɓa karan nan, igiyoyin nan kuwa a gabansa za a sake zuba su. Ran nan ruwan kwana uku zai rage maka, ranka ya daɗe.”

Madawaki Gwanki ya faɗi a gaban Sarki.

“Zaki, ni ba malami ba ne. Amma in kwana shida ya rage wa mutane, dawaki kwana biyu gare su, bayan nan ko an buɗe ƙofa ba za su ɗauke mu ba. Sarkin Kwalgo zai zo ya tarar da ganuwa lafiya lau, ba kowa a ciki. In fita za mu yi, gobe ce. Na so in faɗi haka tun ran Juma'a, na tuna ina da wuya ni ma.”

Sarki ya dube shi, ya dubi tsibin igiyoyi. Ya sunkuya ya ɗauki gugar Kyallu da hannunsa, ya fita ba takalmi, jama'a na biye, har rijiyar da ke bayan zauren. Ya zura guga. Igiya ta yi ta tafiya, ɗankwali ya wuce, zane ya wuce, majanyi ya wuce, sai da ya kai ga hannun rigar nan sannan aka ji ta taɓa. Ya jawo, ya juye a tafin hannunsa. Baƙar laka ce mai wari.

“Tun yaushe?” in ji shi. “Birni guda, ba wanda zai gaya mini?”

“Ka ce duk wanda ya faɗa a bakin ransa,” in ji Malam Zangina daga bayansa. “Talakawanka masu biyayya ne, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya ne ya saɓa maka, ga shi can a kan asabari.”

A nan bakin rijiya Sarki ya sa aka kama Galadima Barmo, ya ce a tsare shi har shari'a ta neme shi, kuma a ba shi ruwa. Ya juya ga Madawaki ya ce a shayar da dawaki duk abin da ke randunan fada, a buga gangar yaƙi.

Kyallu ba ta ga yaƙin ba. Tana ɗaki da kan Nomau a cinyarta, tana jiƙa auduga tana matsa masa a baki, ruwan na gangarowa ta gefe. Da asubar Talata ta ji an buɗe Ƙofar Gabas, ta ji ƙasa na girgiza. Daga baya aka ba ta labari, cewa 'yan baka ne suka fara fita suka yi wa sansanin ruwan kibau, 'yan lifida suka bi ta tsakiya, Sarki da kansa a cikinsu. Gumbarawa sun saki jiki, don 'yan leƙen asirinsu sun gaya musu Darzama za ta zauna jiran Kwalgo, rabin dawakinsu ma suna kiwo a ƙetaren gulbi. Aka yi ta sara har rana ta take tsaka. Madawaki ya rasa hannun hagu, Darzama ta binne mutum ɗari uku, amma kafin azahar Sarkin Gumbara ya ƙetare Tsagwa da gudu ya bar tamburansa a baya.

Guɗa ta ɓarke a birni, mata suna ta rugawa gulbi da tuluna. Nomau ya buɗe ido ya dubi ƙofa, ya motsa baki. Kyallu ta kai kunnenta.

“An kai gulbi, Maigida,” ta ce. “An kai. Sun ji maganarka.”

Ya lumshe ido. Ta ci gaba da matsa masa audugar har ta lura maƙogwaronsa ya daina motsi.

Da la'asar Shamaki, babban bawan Sarki, ya zo da dogarai huɗu, ɗauke da likkafani na farin saƙi da babbar riga da alkyabba, kyautar Sarki. Unguwa ta cika maƙil da masu ta'aziyya. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce Zaki yana gaisuwa, yana cewa a yi haƙuri, Nomau ya ceci Darzama.

Kyallu ta fito ba mayafi, idanunta a bushe. Ta ɗauki likkafanin, ta bar sauran a hannunsa.

“Wannan na karɓa, don ba ni da sauran zanen da zan rufe shi. Rigar ka mayar. Ka gaya wa Sarki, Gumbarawa ba su kashe mini miji ba, shi ya kashe shi, shi da Galadimansa da dokarsa. Ka gaya wa Malam Zangina ya yi adalci, Allah ya saka masa, amma kwana ukunsa sun yi mini tsada. Ku kuma da kuka cika mini ƙofar gida, kun san abin da ke cikin rijiya kamar yadda ya sani, kuka bar shi ya faɗa shi kaɗai. Ka faɗa wa Sarki haka, Shamaki, yadda na faɗa, kada ka gyara.”

Da ƙarfi ta faɗa, har na ƙarshen layi ya ji. Mutane suka ja numfashi, suka juya suna kallon dogarai. Dogaran suka dubi Shamaki. Shamaki ya naɗe rigar a hankali ya saɓa a kafaɗa.

“Zan faɗa masa, Inna,” ya ce. “Yadda kika faɗa.”

Ba wanda ya taɓa ta. Ta rungume likkafanin ta koma ciki, inda masu wanka ke jira.